Rashin Barcin Yara Masu Sankarar Jini: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Amma akwai gidajen da faɗuwar rana ita ce mafarin aikinsu, watau gidajen da ake jinyar yaro mai sankarar jini, cutar da likitoci ke kira lukimiya. A irin waɗannan gidaje, ko a unguwar Chaza da ke Suleja ta Jihar Neja ne, ko a Kano, ko a Zariya, akan ga yaron da aka sallamo daga asibiti, aka ce jikinsa yana karɓar magani, amma da zarar an kashe fitila sai ya tashi zaune. Ya yi kuka, ya nemi abinci da tsakar dare, ya yi ta juyi har asalatu, sa'an nan gari na wayewa ya ɓingire da barci, uwa kuwa ta shiga hidimar gida idonta jawur.

Iyaye da yawa ba sa kai wannan kuka gaban likita, domin a ganinsu wanda ke fama da babbar cuta ba a tsayawa zancen barcinsa. Alhali kuwa galibin wannan rashin barci daga maganin kansa yake tasowa, yana da sanannen dalili, yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Babban hatsarinsa shi ne abin da gajiya kan sa iyaye su aikata, watau su tsayar da maganin, ko su ɗura wa yaron wani abu don ya yi shiru.

MECE CE SANKARAR JINI?

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini. Idan cutar ta kama yaro, sai ɓargon ya shiga fitar da fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari, masu yawan gaske, waɗanda ba sa tsinana wa jiki komai, har su cushe wurin su hana lafiyayyun ƙwayoyi fitowa. Shi ya sa ake ganin yaron ya ɗashe, yana yawan zazzaɓi, yana haɓo ko zubar jini daga dasashi, yana kukan ciwon ƙashi. Da yake waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na amosanin jini, sau da yawa akan daɗe ana maganin wani abu dabam kafin a gano gaskiyar lamarin.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a 1979 Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu a kan yanayinta a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji iri-iri kowace shekara, sankarar jini kuwa tana sahun gaba. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa adadin bai kai kashi 30 ba. Daga cikin dalilan wannan rata akwai makara wajen gano cutar, da tsadar magani, da kuma barin magani a tsakiyar hanya.

Hanyar kuwa doguwa ce. Tun daga 1948, lokacin da Dokta Sidney Farber na birnin Boston a Amurka ya nuna cewa magani na iya kwantar da cutar, likitoci suka yi ta gyara tsarin har ya kai yadda yake a yau. Nau'in da ya fi kama yara yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 ana maganinsa. Da farko akwai makonni 4 zuwa 6 na magani mai ƙarfi, galibi a gadon asibiti. Sa'an nan a bi da wasu watanni na ƙarfafawa, daga bisani a shiga zango mafi tsawo, wanda yaro ke gida yana shan ƙwayoyi kullum, yana komawa asibiti lokaci-lokaci don awon jini da allura. A duk tsawon wannan tafiya barci na iya rikicewa.

MAGANIN DA KE MAI DA DARE RANA

Babban mai laifi shi ne rukunin magungunan da ake kira sitirod, musamman deksametason da firednisolon. Ba yadda za a yi a cire su daga tsarin, domin suna cikin masu kashe miyagun ƙwayoyin kai tsaye. Sai dai kwaikwayo ne na wani sinadari da jiki ke fitarwa da kansa, mai suna kotisol, wanda aikinsa ya haɗa da farkar da mutum. A jikin mai lafiya kotisol yakan yi yawa da sassafe, ya yi ta raguwa har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Deksametason kuwa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma aikinsa a jiki yakan wuce kwana guda cur. Saboda haka ƙarfe 2 na dare jikin yaron yana jin kamar hantsi ne.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Maganin yana buɗe ciki ƙwarai, har yaron da da sai an lallashe shi yake cin abinci ya koma tashin uwa cikin dare yana neman tuwo ko ƙwai. Yana sa saurin fushi da kuka ba dalili, yana sa ƙwannafi, wani lokaci yana ɗaga sukarin jini, sai ƙishirwa da yawan fitsari su biyo baya. Fuska takan kumbura ta yi zagaye, wannan ma aikin maganin ne, kuma yana bajewa bayan an gama.

Abin lura a nan shi ne, a zangon da yaro ke gida ba kullum ake shan wannan magani ba. A tsare-tsare da yawa kwana 5 ake ba shi, sa'an nan a huta har zagayowar wata, a wasu kuma tazarar ta fi haka. Uwar da ta riƙe lissafi za ta ga cewa munanan dararen suna zuwa ne tare da waɗannan kwanaki, su lafa 'yan kwanaki bayan ƙwayar ƙarshe.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A 2007 wata masaniyar aikin jinya mai suna Pamela Hinds da abokan aikinta na asibitin yara na St. Jude da ke birnin Memfis a Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan yara 100 masu wannan cuta. Sun ɗaura wa kowane yaro wata 'yar na'ura kamar agogon hannu mai auna motsi, kwana 5 kafin shan deksametason da kwana 5 ana cikin sha. Abin da suka gano ya ba da mamaki, domin a kwanakin maganin yaran sun fi daɗewa a kwance, sun fi yin barcin rana, amma duk da haka sun fi gajiya. Barcin nasu guntu-guntu ne, mai yawan farkawa. Darasin da ke ciki ga iyaye shi ne, yawan sa'o'in da yaro ya yi a shimfiɗa ba shi ne ma'aunin hutawarsa ba.

Likitocin ƙasar Holan sun gwada neman mafita ta hanyar ƙara wa yaran ɗan kotisol kaɗan tare da deksametason. Gwajin farko da aka buga a 2016 ya nuna alamar sauƙi ga yaran da abin ya fi tsananta gare su. Amma da aka sake gwaji na biyu, wanda aka buga a 2023, sai aka ga bai fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani amfani ba. Ke nan dabarun da suka fi taimako suna hannun masu jinya, a gida da ɗakin asibiti.

Game da yawan barcin da yaro ke bukata, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da ƙa'ida a 2016 cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar sa'a 10 zuwa 13 a kwana guda, har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma sa'a 9 zuwa 12. Yaron da ya daɗe ba ya samun wannan yakan ƙara jin zafin ciwo, ya ƙi abinci mai amfani, ya yi gardamar shan magani, karatunsa ma ya ja baya.

SAURAN ƁARAYIN BARCI

Akwai allurar binkiristin da ake yi ta jijiya. Takan taɓa jijiyoyin jiki ta haifar da ciwon muƙamuƙi, da zugi ko jin kamar tafiyar kiyashi a ƙafafu, da taurin bayan gida. Ƙaramin yaro ba ya iya bayyana wannan, kuka kawai zai yi, kuma ciwo ya fi jin daɗin mutum da dare. Maganin metotireset kan sa gyambo a baki. Ƙarancin jini kan sa kasala da rana, yaro ya wuni kwance, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Ga kuma tsoro, domin yaron da ya san gobe za a soka masa allura a gadon baya ba ya bukatar wani dalili na kwana ido biyu.

Ɗakin asibiti ma ba wurin barci ba ne. Fitila na kunne, ma'aikatan jinya na zagayen awon zafin jiki, ƙarin ruwa na sa fitsari akai-akai, yaron gadon kusa yana kuka, mai jinya kuwa tana kan tabarma ko kujera. Yaron da ya yi wata guda a haka yakan koma gida da rikitaccen lissafin dare da rana.

DAGA CHAZA ZUWA ASIBITI

Maganin sankarar jini aikin manyan asibitoci ne masu ƙwararrun likitocin jini da na yara. Ga mazaunin Chaza, bayan gwajin farko a Suleja, mafi kusa su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Asibitin Ƙasa da ke cikin birnin Abuja. Wasu kuma sukan nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano. Ranar ganin likita akan tashi yaro tun da duhu-duhu, don a wuce cunkoson Madalla da Zuba, a samu layin awon jini da wuri. Ya yi gyangyaɗi a mota, ya yi a benci, a dawo da la'asar ya kwanta, dare ya yi ya wartsake.

Shi kansa garin yana da nasa halin. Suleja ita ce tsohuwar Abuja wadda ta ba sabon babban birnin ƙasa sunanta bayan dokar 1976, ta ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin ta zama masaukin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa masu sammakon tafiya Abuja. Iyali da yawa suna zaune a ɗaki ɗaya ko ciki da falo na gidan haya. Idan yaro ɗaya bai yi barci ba, gidan duka bai yi ba, har da uban da zai fita aiki da asuba da 'yan'uwan da za su makaranta. A watannin Maris da Afrilu zafi kan hana kwanan ɗaki, in an ɗauke wuta ƙarar janareto ta cika unguwa, da damina kuma ga sauro. A irin wannan hali ne haƙuri ke ƙarewa, shawarwarin maƙwabta su fara shiga kunne.

HANYOYI UKU MASU HATSARI

Ta farko ita ce tsayar da magani. Uwa ta lura cewa ƙwayar nan ce ke birkita ɗanta, ga shi kuma ya yi ƙiba ya murmure, sai ta ce a ɗan huta. Binciken da Dokta Smita Bhatia da ƙungiyar likitocin dajin yara ta Amurka suka buga a 2015 ya nuna cewa yaran da ke shan ƙasa da kashi 95 cikin 100 na ƙwayar makaftofurin, wadda ake sha kullum a gida, hatsarin dawowar cutar gare su ya ninka fiye da sau biyu. Watau tsallake kwana 2 a wata ya isa ya fitar da yaro daga sahun masu cika ƙa'ida. Cutar da ta dawo kuwa ta fi ta farko wuyar magani da tsada. Haka nan yanke sitirod farat ɗaya bayan an yi makonni ana sha na iya jefa yaro cikin mummunan hali, shi ya sa likita ne ke tsara yadda za a janye shi.

Ta biyu ita ce zuwa kemis neman maganin barci. Wasu kan ba yaro maganin mura mai sa gyangyaɗi, wasu maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, kuma dama ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. Irin waɗannan na iya danne numfashi, su ƙara taurin bayan gida, su kuma ɓoye alamar cewa jikin yaron ya rikice. Hanta da ƙodar da ke fama da magungunan daji ba sa bukatar ƙarin kaya, ko na kemis ko jiƙe-jiƙen gargajiya. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ta uku ita ce ɗora abin a kan iska ko maita. Yaro mai sanyin hali ya koma mai cizo da ihu cikin dare, ba abin mamaki ba ne a ce an taɓa shi. Addu'ar kwanciya da tofin iyaye suna kwantar da hankalin yaro, babu likitan da zai hana. Abin gudu shi ne turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da tsaga fatar yaron da jininsa ba ya saurin tsayawa, da ɗauke shi zuwa wani gari har ranar asibiti ta wuce.

ABIN DA ZA A IYA YI

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka aikin farko na uwa ne. Ta sami ɗan littafi ta riƙa rubuta ranakun shan sitirod, da lokacin da yaro ya kwanta, da sau nawa ya farka, da abin da ya tashe shi, ko yunwa, ko fitsari, ko ciwo. In ba ta rubutu, ɗan makaranta a gidan ya rubuta mata. Wannan littafi shi za a ajiye gaban likita.

A tambayi likita ko za a iya matso da shan sitirod na biyu zuwa la'asar maimakon bayan isha'i, kada dai a sauya lokaci ko adadi ba da saninsa ba. A ba da shi tare da abinci saboda ƙwannafi. A faɗa masa batun ciwon ƙafa da na baki da taurin ciki, domin kowannensu yana da magani, kuma sau da yawa da an kashe ciwon barci ke dawowa.

A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a bi su ko da daren jiya bai yi kyau ba. A jera abubuwa iri ɗaya kowane dare, wanka ko shafa ruwa, addu'a, tatsuniya, sa'an nan a rage haske. Da safe a fito da yaro tsakar gida ya ga hasken rana, ya ɗan motsa gwargwadon ƙarfinsa, domin haske ne ke daidaita lissafin jiki. Barcin rana ya zama bayan azahar, kada ya kai yamma. A ɗauke wayar hannu da talabijin kamar sa'a guda kafin kwanciya, a kuma hana shi shayi mai ganye da lemon kwalba mai baƙin ruwa da yamma.

A kwanakin sitirod a ciyar da shi sosai kafin ya kwanta, a kuma tanadi abinci mai sauƙi a kusa, kamar kunu mai zafi a filas, ko dafaffen ƙwai, ko ayaba, yadda in ya tashi za a ba shi ba tare da kunna wuta da tashin gida ba. A rage gishiri da zaƙi. A ajiye fo kusa da shimfiɗa. Gidan sauro kuwa wajibi ne kowane dare, domin zazzaɓin cizon sauro ga yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni ba ƙaramin abu ba ne.

DAREN DA BA A JIRAN WAYEWAR GARI

Ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaci ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan yaro ya kasa barci, a fara da auna shi. In zafin ya kai 38, a kama hanyar asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne, kada a ba shi farasitamol a koma barci, domin ƙwayar cuta na iya mamaye jininsa cikin 'yan sa'o'i. Sitirod na iya ɓoye zazzaɓi, saboda haka rawar sanyi, ko numfashi sama-sama, ko yaro ya yi laushi ya ƙi farkawa sosai, duk dalilai ne na tafiya. Haka nan matsanancin ciwon kai da amai, da jijjiga, da zubar jinin da ya ƙi tsayawa, da ƙishirwa da fitsarin da suka wuce kima. Asfirin da ibufurofen ba a ba irin wannan yaro sai da izinin likita. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da rana ake shirya mai motar da za a kira da lambar ɗakin yara na asibitin.

MAI JINYA MA MUTUM CE

Uwar da ta yi mako ba ta runtsa ba ita ce za ta auna magani da safe, kuma a nan ake samun mantuwa da kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da an san kwanakin sitirod kafin su zo, sai a raba kwana, uba ya karɓi wani dare, kaka ko gwaggo ko inna ta zo ta karɓi wani, maƙwabta su ɗauke wa gidan girki ko kai yara makaranta. Masu zuwa dubiya kuma su taƙaita zama, su bar zuwa bayan magariba, mai mura ya aiko da gaisuwa daga nesa.

Asibitoci ma suna da rawar takawa wadda ba ta bukatar kuɗi mai yawa. A rage fitilun ɗakin yara da dare, a haɗa awo da ba da magani a zagaye guda inda hali ya yi, a tanadar wa mai jinya wurin miƙe ƙafa, a kuma sa tambayar barci cikin tambayoyin da ake yi wa iyaye kowace ranar asibiti, da harshen da suke ji. Gargaɗin minti biyar kafin a miƙa wa uwa ƙwayoyin deksametason na iya hana ta firgita a dare na uku.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke neman a kai ga warkar da aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji a duniya kafin 2030. Cimma wannan buri yana bukatar magunguna da ƙwararru da sauƙin kuɗi, yana kuma bukatar iyalan da za su iya jure shekara 2 zuwa 3 ba su yanke ba. Iyalin da ke samun barci su ne za su iya wannan juriya. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.